Azumin da Na Ƙone Man Shinkafa

Shekaranjiya, cikin azumin bana, ina zaune ofis a Birnin Kebbi sai sanarwa ta shigo mani a waya: an gano ɓaraka a manhajar da ke kulle saƙonni, kowa ya yi maza ya saka faci. Ko tashi daga kujera ban yi ba. Na buɗe kwamfuta, na rubuta layi guda na danna, sabobi, wato manyan kwamfutocin da nike kula da su, sunka ɗauki gyaran ɗaya bayan ɗaya. Kafin a kira azahar na gama. Wanda ke zaune kusa da ni ma bai san an yi wani abu ba. Na'urar sanyi na busa mu, azumin bana kuma ya faɗo tun zafi bai kankama ba, ko ƙishi ban ji.

Sai na tuna gida. Don akwai azumin da wanga aiki, shi ɗin dai ba wani ba, ya ci mani kwana biyu, gidanmu kuwa ya ci masu abin da ya fi haka. Bari in ba ku.

Shekarar, azumi ya faɗo tsakiyar bazara. Wanda bai taɓa yin bazara a ƙasar Illo ba, ban san yadda zan kwatanta mishi ba. Tun hantsi ƙasa ke cin ƙafa ta cikin silifa. Kwara, babban koginmu, ta ja baya ta bar rairayi fari fat, in ka dube shi sai idonka ya kawo ruwa. Kwanon rufi shina ƙara ƙas-ƙas kamar ana jifarsa da tsakuwa. Kaji ƙarƙashin rumbu, baki buɗe, fukafukai a saɓule. Ruwan randa ma in ka zuba a ka, ɗumi za ka ji. Tsofaffi su jiƙa rawani su ɗora, su jingina da bangon masallaci ba mai ce wa wani ƙala, don magana ma miyau take ci.

Mu uku ne a gidan tun rasuwar Baba: Inna, da yayana Sahabi, da ni. Inna ta tashe mu sahur da ɗumamen tuwon shinkafa da hura, ta tsaya kanmu sai ta ga kowa ya shanye moɗa biyu. Ana sallame asuba mu gangara fadama tun ƙasa na da sauran sanyi. Noman rani muke yi, shinkafa. Gonar kashi biyu ce. Akwai fangalan ƙasa, kusa da tafkin da Kwara ke bari in ta janye, su laka gare su, suna riƙe ruwa. Akwai kuma fangalan tudu, masu rairayi, in ka ba su ruwa yau gobe sun shanye suna neman ƙari. Yaya ke tada injin ban ruwa, ni kuma in bi da fartanya ina buɗe wa ruwa baki, in wanga fangali ya cika in toshe in buɗe na gaba. Kafin rana ta take mun dawo mun zube ƙarƙashin darbejiya. Da la'asar Inna ta fara suyar ƙosai, ƙamshin ya riƙa azabtar da mu har a kira magariba.

Lokacin shinkafar ta yi ciki, tana gab da fidda kai. Duk manomi ya sani, nan ne ba ta ɗaukar ƙishi. Za ta yafe maka a farko, za ta yafe maka a ƙarshe, amma ba a nan ba. Kuma ita ce abincinmu har damina ta nuna.

Matsalar, mai. Shekarun ne da anka hana gidajen man da ke kusa da iyaka sayar da fetur, jarka kuma ba a bari ta wuce hanya. To dabarar da kowa ke yi ita Yaya ke yi: ya hau babur har Bagudo, ya bi layi, ya cika tanki, ya dawo a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai, sannan a zuƙe man da tiyo a juye a jarka. Da baki ake zuƙa. Saboda azumi sai an sha ruwa shike yi, don haka kullum kunun Yaya da ɗanɗanon fetur shike sha. Jarka guda ce, shuɗiya, tana zaune ɗakin Inna bayan ƙofa, ba mai taɓa ta sai shi.

Ni kuma a lokacin kwamfuta ta shiga kaina ba kaɗan ba. Ba wanda ya koya mani. Tsohuwar laftof ce wani kawunmu ya bari, da waya mai fasasshen gilashi. Duk sanda netwok ya leƙo garinmu in sauke bidiyo da rubuce-rubuce, in bi su ina gwadawa, in lalata in gyara. Haka har labari ya kai wani ƙaramin asibiti can gaba da Illo, dab da iyakar Benin. Wata ƙungiya ce ta taɓa zuwa ta kafa masu saba, aikinta ya ƙare ta tattara ta tafi. Saba, in ba ku sani ba, kwamfuta ce da ba ta da mai zama gabanta, aikinta ta karɓi saƙon wasu ta ajiye, ta miƙa wa wanda ya dace. Ma'aikatan lafiya na ƙauyukan kewaye da ita suke aiko wa Malama Hamsatu, mai kula da asibitin, halin da ake ciki: wace ce ta kusa haihuwa, wane yaro ne wuyansa ya sanƙare. Da abin ya fara ba su wahala sai Malama ta sa anka nemo ni. Ba albashi ba ne. Ni dai an ba ni saba ta gaske in riƙe, wallahi ji nike kamar an ba ni mota.

Ranar da sanarwar ɓaraka irin ta shekaranjiya ta zo, mun sha ruwa ke nan, Yaya shina durƙushe gindin babur da tiyo a baki. Na karanta na sake karantawa. Masu manhajar da kansu sunka ce ɓarakar babba ce, mafi girman daraja.

Na ce, "Yaya, ina da magana."

Ya tofar, ya ce, "In ta kwamfuta ce bari in kurkure baki tukuna. Kada abu biyu masu ɗaci su haɗu mani."

Na jira ya kurkure. Na ce mishi, ka san ɗan kwaɗon nan da ke fitowa a saman waya in ka buɗe shafi? Shi ke nuna saƙonka a kulle shike tafiya, ko wani ya tare shi a hanya ba zai iya karantawa ba. To ka ɗauka maƙeri ɗaya ne ya ƙera kusan duk kwaɗunan duniya. Yau ya shiga rediyo ya ce, jama'a, na gano kwaɗona na da wurin da in an ƙwanƙwasa zai buɗe, ga gyara nan kyauta, kowa ya zo ya karɓa. Gyaran shi ne faci. Matsalar, ɓarayi ma na jin rediyo. Kuma ba sai sun tako ƙafa ba, na'urori gare su masu bin ƙofa ƙofa a intanet suna gwadawa, ba dare ba rana. Daga sanda anka yi sanarwa, tsere ne tsakaninka da su.

Yaya ya ce, "To mi za su ɗauka a asibitin da maganin ciwon kai ma sai an aika Illo?"

"Ba magani ba, Yaya. Magana. Wace ce ke da ciki ba ta faɗa ba tukuna, wace ce ta yi ɓari, wane ne ke karɓar maganin da ba shi son a sani."

"Har na garin nan?"

"Har na garin nan."

"A kashe sabar mana, sai an samu sarari."

Na ce na kira Malama na faɗa mata haka, ta ce ba a bazara ba, lokacin sanƙarau ne, ba za ta zauna a makance ba. Kuma wutar hasken rana ta asibitin firjin rigakafi kawai take iya ɗauka da kyau, sabar lallaɓa ta ake yi. In wuta ta yanke ana tsakiyar gyara, tana iya ƙin tashi gaba ɗaya. Sai da janareta. Janareta suna da shi. Mai ne babu.

Ban dubi ƙofar ɗakin Inna ba, amma duk mun san abin da nike nufi.

Inna na kwashe kwanuka, ta tsaya. Ta ce, "Nura, ɓarayinka ban gan su ba. Shinkafa kuwa jiya na je na gan ta da idona, ciki gare ta."

"Inna, zuwa azahar na dawo. Aikin ba ya da yawa. Rabin jarkar ma ba zan ƙone ba."

Ta ce, "Gobe fa ranar ban ruwan tudu ce."

Yaya ya daɗe shina murza tiyon a hannu. Can ya ce, "Zuwa azahar ka ce?"

"Wallahi zuwa azahar."

"Bar rantsuwa, azumi ake. Ɗauki. In ka dawo mu ba ta da la'asar, ba ta mutuwa kafin nan." Ya dubi Inna. "Inna, da kina da ɗiya, maganarta na ciki fa?"

Inna ta shige da kwanukanta.

Ana sallame asuba na juye abin da tanki zai ɗauka, sauran na rarraba a gorunan ruwa na cusa cikin buhu, na hau babur. Ku lura, na tafi da man, na kuma tafi da babur ɗin da ake samo man. A lokacin ko kaɗan wannan bai zo mani a rai ba. Abin da ke raina, yau zan yi aikin da manyan injiniyoyin duniya ke yi, rana ɗaya da su, ni Nura, daga bakin Kwara. Har waƙa nike yi a hanya.

Malama Hamsatu Badendiya ce, doguwa, ba ta da wasa da aiki amma bakinta akwai tsiya. Tana hango ni ta gaishe ni da yarensu ta ce, "Fofo, likitan akwati! Marar lafiyarka na ciki, tun jiya ba ta yi tari ba."

Sabar na ɗakin ajiya ƙarƙashin kantar magani, zanzaro har ya yi gini a bayanta. Na kakkaɓe, na tada janareta, na jona. Ƙarfen sabis na wajen asibitin ya kwana biyu a mace, shi ma rashin mai, don haka layin Benin muke amfani da shi a can. Sai ka ɗaure waya a kan sandar gora ka jingina da tagar da ke duban yamma, ta yi maka maraba da Faransanci, sannan ta kama sanda ɗaya, in Allah ya so biyu. Na fara kwafe komai na ajiye gefe, don ba a taɓa saba sai an yi haka. Sannan na ce wa sabar ta sauko da faci.

Ta ƙi.

Wai ba ta yarda da inda facin ke fitowa ba, takardar shaidarsu ba ta fara aiki ba tukuna. Na sake, ta ƙi. Na zargi layin Benin, na matsar da gora, na ɗaga, na sauke. Na zargi kaina. Hantsi ya wuce, janareta na ta ci. Sai can wajen azahar, cikin neman abin da zan zarga, na tambayi sabar kwanan wata. Kai! Ashe ita a wurinta muna wata shekara ce can baya, tun ina firamare. Kun gane abin da ya faru? Cikin kowace kwamfuta akwai ɗan batir kamar maɓallin riga, shi ke riƙe agogo in an ɗauke wuta. Nata ya mutu. Kullum Malama ta kashe ta kunna, sai ta farka a ranar da anka ƙera ta. Shi kuwa wanga kulle, duk da agogo shike aiki: kowace takardar shaida na da ranar farawa da ranar ƙarewa. Saba ta duba ta ga takarda daga shekarar da ba a kai ba, ta ce ƙarya ne. Kuma ta yi daidai! Abin ya burge ni har na fita na kira Malama in nuna mata.

Ta ce, "Wato marar lafiyar taka ruɗewar tsufa ke damunta."

Ta binciko wata matacciyar na'urar gwajin suga, munka ciro batirinta, ya shiga daidai. Na saita agogo. Na ce to yanzu kam minti kaɗan.

Ashe an fara ne. Tun tafiyar ƙungiyar ba wanda ya taɓa sabunta ta, ni ma tsoron taɓa wannan ɓangaren nike yi. Sabon facin ba ya zama kan tsohon gini, sai an bi an ɗora duk gyare-gyaren da ta rasa, bi da bi. Ga layin Benin na ɗigowa kamar ruwan tulu mai tsaga. In an fara kuma ba a tsayawa tsakiya. Azahar ta wuce. Na kira Yaya, ba ta shiga, netwok ya sake ɗaukewa a garinmu. La'asar ta yi. Na juye gorar mai ta gaba a janareta.

Akwai fanka a ɗakin, ƙarama, ta tebur. Na kunna ta na ce don saba ce, kada ta yi zafi ta mutu. Gaskiya ne, tana bukata. Amma na saita ta tana juyawa, in ta busa saba ta zo ta busa ni. Haka na wuni, cikin inuwa, iska na shiga rigata, ina kallon rubutu na gudu a allo, ina jin daɗin da ban taɓa ji ba. Nakan tuna da fadama, in ce ai Yaya zai jira, gobe da sassafe mu ba ta. Sai wani layi ya fito a allo in manta.

Na sha ruwa a gidan Malama, na kwana a masallacin garin. Da safe na sake tada janareta. Sai a ranar na kai ga facin kansa. Na duba hatiminsa na tabbatar daga masu shi ya fito, ba wani ya sauya a hanya ba. Na saka. Nan ne mutane da yawa ke kuskure, su ɗauka sun gama: in ba ka kashe manhajar ka sake tada ta ba, tsohuwar mai ɓarakar ce ke ci gaba da aiki a ƙwaƙwalwar saba, sabuwar na kwance kawai. Na tada ta. Sannan na sauya makullan duka, don ba ka sani ba ko wani ya riga ya kwafi tsofaffin. Munka gwada da wayar Malama, saƙo ya tafi, ya dawo, kwaɗo a rufe. Na yi wata irin ƙara har wata mai jego ta leƙo.

Ba a jima ba janareta ya yi tari ya mutu. Gorunan duka wayam. Abin da ke tankin babur, iyakarsa ya kai ni gida.

Ban bi ta gida ba, fadama na nufa, rana ta ɗan karkata amma tana nan da ƙarfinta. Injin ban ruwa na nan inda muke ajiye shi, an rufe shi da buhu. Abin da na fara gani, wata sabuwar hanya ce da ba ta nan shekaranjiya, ƙafa ta tattake ta, daga bakin tafki ta haura har fangalan tudu. A tsakiyarta bokiti biyu a kife da sandar da ake rataya su a kafaɗa. Fangalan farko da danshi. Na gaba ƙasa ta tsattsage, ganyen ya naɗe kamar tsinke. Ba kowa.

Maƙwabcin gonarmu ya ɗago daga nesa ya ce, "An kai yayanka gida. Tun jiya muke ce mishi ya bari."

Na iske shi ƙarƙashin darbejiya, kwance kan tabarma, an jiƙa zani an rufa mishi. Leɓɓansa sun farfashe, kafaɗunsa duka biyu sun saɓule. Inna na tallabe da kansa tana ba shi ruwan gishiri da suga a cokali. Da rana tsaka. Cikin azumi. Yaya Sahabi, wanda tun kafin ya balaga bai taɓa shan azumi ba, wanda ko zazzaɓi ya kama shi sai ya kai.

Da ya gan ni ya kau da kai daga cokalin, kamar ni na kama shi da laifi. Muryarsa ba ta fita sosai. Ya ce, "An toshe?"

"An toshe, Yaya."

"Madalla." Ya lumshe ido. "Man fa?"

"Ya ƙare, Yaya."

"To," ya ce. "To."

Inna ba ta dube ni ba. Da magariba ta ajiye mani kunu da ƙosai kamar kullum, har da dabino. Wallahi da ta zage ni da na fi samun sauƙin haɗiyewa.

Washegari na ari mai kaɗan na kai kaina Bagudo. Gidan man a rufe, ana jiran tanka. Na dawo, na ɗauki bokitan Yaya, ban kai ko rabin abin da ya yi ba na ajiye su. Sanda man ya samu, na zuƙe shi da bakina, na ƙware, na wuni ina gyatsar fetur. Munka cika fangalan tudu har sunka tumbatsa. Ganye ya warware, ya yi kore, har na fara sa rai. Da ta fidda kai sai ga shi fari, a miƙe, in ka matsa da yatsa ba komai ciki. Na ƙasa kuwa sun yi nauyi sun sunkuya. Yaya ya sha azumi da dama kafin ya iya miƙewa.

Bayan salla sanarwa ta biyu ta fito. Masana sun sake gwadawa, sun sauke darajar ɓarakar. Tana nan, ba ƙarya ba ce, amma a irin sabarmu da wuya ƙwarai a shiga ta nan, iyaka a sa ta tsaya a sake kunnawa. Na je na bi bayanan da saba ke ajiyewa na duk wanda ya ƙwanƙwasa mata. Na'urorin nan masu bin ƙofa ƙofa sun zo kamar kullum, suna gwada wasu abubuwan. Ta wannan ɓarakar, ko ɗaya.

Kada ku fahimce ni ba daidai ba. Ranar farko ba wanda ya san haka, har masu manhajar. Yau ma in sanarwa ta fito zan ce maku ku saka faci, kada ku jira. Haka aikin shike, in ka yi shi daidai ba abin da ke faruwa, ba ka da abin nunawa. Na san wannan duka. Sanin bai cika buhu ko ɗaya ba.

Shi kuwa Yaya, tunda ya warke ya samu labari. A majalisar mai shayi, a bakin masallaci, ko'ina. Wai ɓarayi ne daga Turai sunka taso za su kwashe asirin matan ƙasar Illo kaf, ƙanensa ya riga su da kiris, sunka zo sunka iske ƙofa a garƙame. In an tsokane shi an ce, "Sahabi, kai da ka faɗi a fadama kamar buhu," sai ya ce, "Awo, na faɗi. Da ban faɗi ba da yanzu maganar gidanka na rediyo." A yi ta dariya. Har Inna ta fara sassautowa, na ji ta tana ce wa wata maƙwabciya ai Nura ne ya tare su.

Ranar bugun fangalan tudu mu biyu ne kawai, ba wanda anka gayyata, don ba abin da za a gayyato mutum ya gani. Mun shimfiɗa tamfal, mun kwantar da duron bugu. Yaya shina ramuwar azumi ranar. Na ce zan taya shi, ya ce ba ni na sha ba. In ya ɗaga dami ya buga, maimakon ka ji ƙwaya na zuba, sai wani huhu-huhu, ƙaiƙayi ya tashi ya manne mana a gumi.

Na ce, "Yaya, ɓarayin nan."

"Mi sunka yi kuma?"

"Ba su zo ba."

Bai tsaya ba, ya sake bugawa. "Ba su zo ba, ko ba su samu shiga ba?"

"Ba su zo ba. Na duba. Kuma an sake sanarwa, an ce ko sun zo da wuya su shiga."

Ya ajiye damin. Ya duƙa ya ɗebi abin da ke kan tamfal cikin tafin hannu, ya hura. Kusan duka ya tashi. Ya daɗe shina kallon 'yan ƙwayoyin da sunka rage.

"Inna ta sani?"

"A'a."

"'Yan majalisa fa?"

"Kai na fara gaya wa."

"To ya tsaya nan." Ya zuba ƙwayoyin a buhu, ya kakkaɓe hannu. "Kai mai ilimi ne, ka duba ka ga ba su zo ba, riƙe abinka. Ni tudu na bayar, da azumina. Ba zan koma majalisa in ce na ba da su a banza ba. Ka bar mani ɓarayina, Nura."

"Yaya, ka yi haƙuri."

"Haƙurin mi? Ni na ce ka ɗauka. Kama wancan damin ka buga, ko ƙaiƙayi ne awaki na so."

Na kama na buga.

Shekarar, tun kafin damina ta yi nisa Inna ta fara haɗa mana tuwo da garin rogo, ba wanda ya ce don mi. Labarin kuwa bai mutu ba, girma ma shike yi. Zuwana gida na ƙarshe na iske ɓarayin sun ƙaru, har an samu wanda ya ga motarsu a hanyar Illo. Yaya na tsakiya shina bayarwa, da hannu da ƙafa. In ya kai ƙarshe sai duk a juyo a dube ni, wani ya ce, "Ko ba haka anka yi ba, injiniya?"

Sai in sunkuyar da kai. Su ɗauka kunyar yabo ce.